Hoton MRI a Ingila da na Gida, Daga Bakin Mai Ɗaukarsa

Yaya, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da yara da duk mutanen gida. Ka ce in rubuto maka gaskiyar yadda aikin hoton MRI yake a nan, tunda duk sanda likita ya ambaci hoton ƙwaƙwalwa ko na lakar baya sai dangi su fara maganar a tara kuɗi a fita da mara lafiya waje. Na ga gara in baje maganar a fili, don ba kai kaɗai kake da wannan tambayar ba.

Na'urar da nake aiki da ita a nan Nottingham da wadda za ka tarar a cibiyar gwaji mai kyau a Kano ko Abuja ko Legas duk daga kamfanoni ɗaya suka fito, Siemens ko GE ko Philips. Yawancin na asibiti ƙarfin maganadisunsu tesla 1.5 ne, wato ya ninka na ƙasar da muke takawa kusan sau 30,000. Jikin mutum ruwa ya fi yawa a cikinsa, kuma ruwa cike yake da haidirojin. Idan mutum ya shiga cikin wannan maganadisu, ƙwayoyin haidirojin ɗin sai su jeru, a harba musu igiyar rediyo su karkace, a tsaya, su koma yadda suke suna fitar da wata sigina mai rauni. Ita ake kamawa a ba kwamfuta ta haɗa hoto. Babu hasken nan mai cutarwa da ke cikin hoton ƙashi ko na CT. Wannan ilimi bai canza daga Kano zuwa Ingila ba, kuma yaran da ake yayewa a sashen koyon ɗaukar hoto na Jami'ar Bayero sun san shi sarai. Da yawa daga cikinsu ma suna nan suna aiki a asibitocin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin ƙasar nan, abin da ke faranta mini rai kuma yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Inda aka bar mu shi ne abin da ke kewaye da na'urar. Maganadisun ba irin na bayan rediyo ba ne. Waya ce aka naɗe ta mai tsawon gaske, ana tsoma ta a cikin ruwan iskar hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri, kuma a wannan sanyin ne lantarki ke zagaya ta ba tare da tsayawa ba. Tsofaffin na'urori suna ɗaukar hiliyom wajen lita 1,500. Akwai wani inji a kai da ke aiki dare da rana don kada sanyin ya ragu, ko ana ɗaukar hoto ko ba a ɗauka, ko ranar Sallah ce. Idan wuta ta ɗauke ta daɗe, hiliyom ya fara tashi. Idan ya tashi da yawa maganadisun ya mutu baki ɗaya, sai an sake sayo iskar daga waje, ga shi ƙasashen da ke samar da ita kaɗan ne, irin su Amurka da Katar da Aljeriya, sannan a nemo injiniya ya sake tayar da ita. A nan ba wanda ke tunanin wannan, domin wutar ba ta ɗaukewa, kuma in na'ura ta yi ƙorafi da safe, kamfanin yana iya duba ta daga nesa ta intanet, injiniya ya iso da kayan gyara kafin gobe. A inda na yi aiki a gida kuwa, mai kula da janareta ya fi kowa muhimmanci a ginin, kuma na ga na'ura ta yi watanni a kulle saboda wani ɗan ƙaramin abu da ake jiran a kawo. Sayen doki ba shi ne wuya ba, harawarsa ce. Gwamnati kan sayi na'ura a yi bikin yanka kirtani, amma kwangilar gyara da kuɗin dizal ba su cikin kasafin.

Saboda haka ne yawancin waɗanda ke gida masu ƙaramin ƙarfi ne, masu maganadisu na dindindin da ba sa buƙatar hiliyom. Wani bincike da Farfesa Godwin Ogbole na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya ƙirga na'urori 84 a duk Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya, kuma mafi yawansu irin waɗannan ƙananan ne. An samu ƙari tun daga lokacin, amma ka auna da Japan da ke da sama da 50 ga kowane mutum miliyan ɗaya.

Kada wannan ya sa ka ɗauka nan aljanna ce. Ingila tana cikin ƙasashen masu arziki da suka fi ƙarancin na'urorin, ba ta kai goma ga mutum miliyan ɗaya ba. Mara lafiya a NHS ba ya biyan ko sisi a bakin taga, haraji ya riga ya biya, amma ba ya iya tashi ya ce a yi masa hoto. Sai likitan unguwa ya tura shi, sai ƙwararre ya amince, sai layi ya zo kansa. Ƙa'idarsu ita ce kada a wuce mako shida ana jira, kuma shekara da shekaru ba su cika wannan ƙa'ida ba. Wanda ake zargin yana da ciwon daji ko ya zo da shanyewar ɓarin jiki ana gaggauta nasa, amma mai ciwon gwiwa ko na baya sai haƙuri. Wanda ya gaji da jira ya tafi asibitin kuɗi ya biya fam ɗari uku ko huɗu ko fiye a kan sashe ɗaya na jiki. Baƙon da ya zo da bizar ziyara kuwa ba ya cikin masu cin kyauta, kuɗi zai biya. A Kano in kana da kuɗi a hannu kuma na'urar tana aiki, yau ka je yau a yi maka. Matsalar ita ce kuɗin hoto ɗaya ya wuce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024, sai ka ga an rubuta wa mutum hoto ya naɗe takardar ya sa a aljihu ya koma gida.

Akwai abin da na koya a nan da nake so a ɗauka a gida, kuma ba ya buƙatar kuɗi: tsanani wajen tambayar mara lafiya kafin ya shiga ɗakin. Maganadisun ba ya mutuwa ko an kashe fitilu, yana iya fizgar tukunyar iskar numfashi daga bakin ƙofa. Ana tambaya har sau biyu ko uku: akwai na'urar bugun zuciya a jiki, an taɓa aiki a kai, ƙarfe ya taɓa faɗawa ido, akwai ɓarɓashin harsashi? Matanmu da ke zuwa nan nakan ce su cire fil ɗin hijabi da ɗan kunne, su kuma goge kwalli, domin wani kwallin yana da ƙarfe a ciki, yana ɓata hoton gefen ido. Ana ba da abin toshe kunne saboda ƙarar tana da yawa, ana ba da ɗan ƙararrawa a hannu, kuma mace tana iya neman mace ta shirya ta in akwai a bakin aiki. In za a yi allurar gadoliniyom mai haska hoto, ana fara duba lafiyar ƙoda ga wanda ake shakkar tasa.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi jan hankalina. Wannan na'ura ba hoto kaɗai take yi ba, tana iya auna sinadaran da ke cikin wani ɗan lungu na ƙwaƙwalwa ba tare da an fasa kai ba. Ana zaɓar wuri kamar girman ɗan yatsa, sai kwamfuta ta fitar da zane mai tudu da kwari, kowane tudu sinadari ne: ga NAA da ke nuna lafiyar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ga kolin da ke ƙaruwa in ƙwayoyin halitta suna hayayyafa da sauri, ga kiriyatin, ga laktet da ke bayyana in iskar oksijin ta yi ƙaranci. A ƙarin ƙwaƙwalwa mai tsanani kolin yakan tashi, NAA ya faɗi. Ƙullutun da tarin fuka ke yi a ƙwaƙwalwa kuwa, wanda a hoto yana iya kama da ƙari, yakan nuna tudun kitse babba. Ka yi tunanin ƙasarmu da yawan masu tarin fuka. Ƙullutun tarin fuka ana maganinsa da ƙwayoyi na watanni, ƙarin kuwa sai an yi aiki. Awon ba ya yanke hukunci shi kaɗai, likita yana haɗa shi da sauran alamu, amma yana iya hana a buɗe kan mutum a banza. Abin takaici, ƙananan na'urorin da suka fi yawa a gida ba su da ƙarfin yin wannan awon, kuma inda ake da mai ƙarfin, ba kullum ake sayen manhajar ba, ko a samu likitan da ya saba karanta zanen. A nan inda tarin fuka ya yi ƙaranci kayan suke jibge.

Garin nan yana alfahari da wannan ilimi. Sir Peter Mansfield, wanda ya bar makaranta yana ɗan shekara 15 ya shiga aikin ɗab'i kafin ya dawo karatu, a Jami'ar Nottingham ya gano yadda za a ɗauki hoton da sauri, kuma a 1978 shi da kansa ya shiga na'urar gwajin aka ɗauki hoton cikinsa, lokacin da ba a gama tabbatar da abin da za ta yi wa mutum ba. Ya raba kyautar Nobel ta 2003 da Paul Lauterbur na Amurka. Cibiyar da ke ɗauke da sunansa tana da na'ura mai tesla 7 tun 2005, kuma an ware kusan fam miliyan 29 don kawo mai tesla 11.7, irin wadda Faransa ta nuna hotunan ƙwaƙwalwar mutum na farko da ita a 2024. Sannan ga shirin UK Biobank, wanda ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da zuciya da ciki na mutum 100,000 masu sa kai don a bi lafiyarsu shekara da shekaru. Mutum lafiyarsa lau zai ba da sa'o'i ya kwanta a cikin ƙara saboda jikokin wasu. Wannan hali ya burge ni. Sai dai kusan duk waɗanda aka auna fararen fata ne, kuma da bayanansu ake koyar da kwamfutocin da gobe za a sayar mana su karanta hotunanmu.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne sikila. Babu ƙasar da ake haihuwar masu sikila kamar Najeriya, ana kiyasin jarirai 150,000 a shekara. Akwai wata shanyewar ƙwaƙwalwa ta ɓoye da ke samun waɗannan yara: hannu bai mutu ba, baki bai karkace ba, amma wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa ya lalace, kuma kusan yaro ɗaya cikin uku masu nau'in SS yana samun ta kafin ya balaga. MRI ne ke nuna ta. Yaron sai ya riƙa ja baya a makaranta, a ce masa daƙiƙi, a yi ta dukansa. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun yi aiki mai kyau wajen gano yaran da ke cikin haɗarin shanyewar jiki ta hanyar auna gudun jini a kai da na'urar sauti, a ba su maganin haidiroksiyuriya. Amma waccan ta ɓoyen sai da hoto. A nan yaro mai sikila da aka ga karatunsa ya canza ana tura shi a duba, a gida kuwa kaɗan ne iyayen da aka taɓa faɗa musu akwai irin wannan.

Don haka idan an tambaye ni abin da ya kamata mu sa wa ido, ba tesla 11.7 ba ce. A Blantyre ta Malawi, da na'ura mai tesla 0.35 kacal masu bincike suka nuna a 2015 cewa kumburin ƙwaƙwalwa ne ke kashe yaran da zazzaɓin cizon sauro ya hau musu kai. Kamfanin Hyperfine yana da wata mai suna Swoop, tesla 0.064, ana tura ta a kan taya har gefen gadon mara lafiya a jona ta a soket na bango, kuma Amurka ta amince da ita tun 2020. A Jami'ar Mbarara ta Yuganda, tare da masu bincike na Leiden a Holan, an harhaɗa wata ƙarama a can gida don yaran da ruwa ke taruwa musu a kai. Hotonsu bai kai na babbar kyau ba, ƙananan tabo na iya kuɓuce musu, kuma ba sa awon sinadarai. Amma suna nuna ruwa da kumburi da babban zubar jini, kuma hasken rana da batir sun ishe su. Su ma manyan kamfanonin sun fara fitar da manya masu rufaffen hiliyom: ta Philips lita 7 take ɗauka, ta Siemens mai tesla 0.55 ba ta kai lita ɗaya ba. Duk gwamnan da zai saya wa asibiti na'ura yanzu, waɗannan ya kamata a nuna masa, da kwangilar gyara ta shekaru a haɗe.

Game da tambayarka kuwa, Yaya, hoto kaɗai bai isa dalilin sayen tikitin jirgi ba. A nemi cibiyar da ke da tesla 1.5 in na ƙwaƙwalwa ne ko lakar baya, a tambaya kafin a biya, a kuma tabbatar akwai likitan hoto da zai rubuta rahoto ya sa hannu. Kada a yarda da fim ɗin da aka wanke kaɗai, a karɓi faifan da ke ɗauke da cikakkun hotunan, domin da shi ne wani likita a Zariya ko Ibadan ko nan zai iya sake dubawa ba tare da an maimaita ba. In an je da yaro ƙarami, a tambaya tun da wuri ko za a sa shi barci, da wanda zai tsaya a kansa yana lura da numfashinsa.

A gaishe mini da Inna da kyau. Wassalam, ƙaninka.