Gida, mai jinya ko gidan kula da tsofaffi: wanne ya fi kāriya daga cututtuka masu yaɗuwa?

Cuta ba ta shiga ɗakin tsoho da ƙafarta, mutum ne ke kai ta. Kafin ku zaɓi inda mahaifi ko kaka za su zauna, ku ƙirga mutum nawa za su riƙa taɓa su a rana, kuma daga ina suke zuwa.

Zama cikin iyali ya fi ƙarancin cuɗanya da baƙi, sai dai yara 'yan makaranta na yawan shigo da mura. A ba tsoho ɗakin da iska ke ratsawa, kuma duk wanda tarinsa ya wuce mako 2 a yi masa gwajin tarin fuka. Inda ake samun matsala shi ne mai kula ɗaya ce tilo: ranar da ta kamu, haka za ta ci gaba da hidima tana atishawa.

In mai jinya za ku ɗauka, ku tambaye ta gida nawa take zagayawa. Wadda ke kwana a gidanku ta fi mai yawon gidaje biyar aminci.

Gidan kula da tsofaffi ya dace da wanda ke buƙatar nas dare da rana, kamar mai robar fitsari ko wanda sai an juya shi duk awa 2 don gudun gyambon kwanciya. Amma nan ne cuta ta fi saurin bazuwa. A 2020 korona ta yi ɓarna sosai a irin waɗannan gidaje a Turai da Amurka. Ku je da kanku ku duba. Mutum nawa ne a ɗaki, kuma nawa ke amfani da banɗaki ɗaya? Akwai ɗakin keɓe wanda ya kamu? Ma'aikaci mai amai da gudawa ya kamata ya yi awa 48 bayan sun tsaya kafin ya dawo aiki. Ku nemi ganin sabulu da ruwa kusa da gadaje, domin man tsabtace hannu, ko da mai sinadarin alkohol kashi 60 ne, ba ya kashe wasu ƙwayoyin gudawa yadda ya kamata. Ku tambayi batun ƙazuwa ma, don takan yi mako 4 zuwa 6 a jiki kafin ƙaiƙayi ya fara.

A ganinmu, muddin tsoho na iya tashi da ɗan taimako, gida ya fi. Ko ina kuka zaɓa, a yi masa rigakafin mura duk shekara da na nimoniya, kuma in ya rikice farat ɗaya ko ya ƙi cin abinci a kira likita, domin tsoho kan kamu da cuta ba tare da jikinsa ya yi zafi ba.