Gargaɗi ga masu neman aiki a Zariya: damfarar "danna ka samu kuɗi" ta shigo gidajenmu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan shagon buga takardu da POS a Tudun Wada, ba nisa da Kongo. Mai zama a bayan irin wannan teburi yana ganin abin da ba kowa ke gani ba: wa ke cike fom, wa ke tura kuɗi hannu na rawa, wa ya dawo washegari ido ya yi ja. Na daɗe ina hango wutar nan a gemun wasu, sai ga shi ta kama nawa. Ɗan yayata abin ya faɗa wa, kuma da izininsa da na mahaifiyarsa nake wannan rubutu. Sunansa kawai zan sakaya.

Yaron ya gama karatunsa a Samaru, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida. Daga ranar da aka ba shi takardar sallama alawus ɗin naira dubu 77 ya tsaya cak. Wata takwas yana zaune, kuma ba zaman lalaci ba, don ni da hannuna na buga masa takardun neman aiki sun fi ashirin. Wata makarantar kuɗi ta ce za ta riƙa ba shi dubu 25 a wata, da ya yi lissafin kuɗin a-daidaita-sahu zuwa da dawowa sai ya ga rabi ya tafi a hanya.

Ana cikin haka saƙo ya shigo masa a WhatsApp daga wata lambar ƙasar waje. Wai wata ce jami'ar ɗaukar ma'aikata a wani kamfanin talla, suna neman masu aiki daga gida. Aikin ba wuya: a turo maka bidiyo a YouTube ka danna alamar so, ko ka ba wani otal taurari biyar a taswirar Google, ka ɗauki hoton fuskar wayarka ka tura musu. Kowane ɗaya naira 500. Ya yi uku. Kafin minti goma alat ya shigo, naira 1,500, kuɗi na gaske har ya sayi data da su.

Wannan 1,500 ita ce tanar da aka maƙala a bakin ƙugiya. Duk damfarar a kanta ta tsaya. Ɗan damfara na da alkawari kawai yake yi maka, na yanzu kuwa shi ke fara ba ka, don ya san da zarar kuɗinsa sun shiga aljihunka, duk wanda ya ce maka ka yi hattara za ka ɗauke shi mai hassada.

Daga nan suka mayar da shi Telegram, suka jefa shi wani zaure cike da mutane. Dare da rana hotunan alat ne ke shigowa, wannan ya ce ya samu dubu 60, wancan dubu 200, har da masu rubuta alhamdu lillahi da Hausa. Yawancin waɗannan mutanensu ne, ko ma mutum ɗaya mai lambobi da yawa. Bayan ƙananan ayyuka huɗu ko biyar sai a kawo wanda suke kira aiki na musamman, wanda sai ka fara zuba naka kafin a mayar maka da kamasho. In ka ƙi, a rage maka ladan danna bidiyo. Ya zuba dubu 10, aka dawo masa da 13. Ya zuba 30, aka dawo da 39. Ku gaya mini, matashin da ya yi wata takwas yana roƙon kuɗin aski, me zai hana shi ci gaba?

Sai aka haɗa shi da wani wai malaminsu, aka ware su su huɗu a ƙaramin zaure, aka buɗe masa asusu a wani shafi mai zane-zanen hawa da saukar kuɗin kirifto. Aka ce wannan aikin hawa uku ne, ba a cire ko sisi sai an kammala duka. Hawa na farko dubu 85. Na biyu dubu 150. Yana kallon shafin, lambobi na ta kumbura. A hawa na uku malamin ya ce ya yi kuskure wajen dannawa, an rufe asusun, sai ya zuba wasu kuɗin kafin a gyara. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sauran ukun nan, waɗanda duk nasu ne, suka taso masa da zagi da magiya, wai kuskurensa ya riƙe musu dukiya, ɗaya har tana cewa kuɗin asibitin ɗanta ne. Yaro mai kunya da tausayi, da halinsa na kirki suka ɗaure shi. Ya sayar da kwamfutarsa a Sabon Gari a wulaƙance. Ya ɗauki kwasar adashen mahaifiyarsa da ta ba shi ajiya, wadda ta yi shekara tana zubi don ta sayi injin markaɗe.

Ni ban san komai ba sai ranar da ya shigo shagona bayan azahar, gumi har ƙeya.

"Kawu, don Allah ka tura mini dubu 120 cikin wannan asusun. Zuwa magariba zan mayar maka har da ƙari."

Na buga lambar a na'ura, sunan wani mutum ya fito. Na ce kuɗin mene ne? Ya ce haraji ne, da an biya za a sakar masa dubu 740. Na karɓi wayar na bi duk inda ya tura kuɗi. Sau shida ya tura, sunaye shida daban-daban, babu na kamfani ko ɗaya.

"Zauna, ɗana. Wane kamfani ka taɓa ji yana karɓar haraji a asusun mutum?"

"Kawu ga kuɗina nan a ciki, ka duba ka gani."

"Wannan rubutu ne a fuskar waya. Wanda ya gina shafin shi ke rubuta abin da ya ga dama."

Ya daɗe yana kallon wayar bai ce uffan ba, sannan ya kifa kai a kan teburi. Da muka cire abin da suka ba shi daga abin da ya zuba, naira dubu 412 suka tafi.

Ba yau muka fara ganin irin wannan ba, riga kawai take sauyawa. Da yawanmu mun tuna MMM da alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, da yadda ta rufe asusun mutane a watan Disamba na 2016, ɗalibai da yawa kuɗin makarantarsu suka salwanta. A watan Afrilu na 2025 CBEX, wani shafin zuba jari na intanet, ta ruguje bayan ta yi ta alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, har mutane suka fasa ofishinta a Ibadan, kuma bayan rugujewar sai da aka sake ce wa waɗanda aka cuta su biya dala 100 ko 200 wai kuɗin tantancewa. Hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta ce ba ta taɓa yi wa CBEX rajista ba. Dokar zuba jari da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ta tanadi ɗauri har na shekara 10 ga masu irin wannan harka. Waccan damfara irin ta MMM da CBEX da sunan jari ta zo, shi ya sa mai hankali kan iya kauce mata. Wannan kuwa da sunan aiki ta zo, kuma wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Lissafi kaɗan ya isa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira dubu 70 ne a wata. Su kuwa suna cewa dubu 20 a rana, wato dubu 600 a wata, don danna waya kana kwance. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuma ko da a ce suna biya, ba wa otal ɗin da ba ka taɓa kwana ba taurari biyar shaidar zur ce, ni a ganina wannan kaɗai ya isa Musulmi da Kirista su ja da baya.

Akwai 'yar'uwarta da ke bin masu iya kwamfuta. A ce ka mayar da shafi 50 na hotunan takardu zuwa rubutu, ko ka fassara su zuwa Hausa, ladanka dala dubu biyu. Ka kwana uku kana bugawa. Ka miƙa aiki, sai a ce kafin a biya ka sai ka yanki katin ma'aikaci, ko ka biya kuɗin canjin dala. Wata ɗaliba ta kawo mini irinsa in taya ta bugawa, Allah Ya sa ta nuna mini saƙon tun ba ta tura komai ba. Masu sayar da gurbin aikin Kwastan, Shige da Fice ko NNPC kuwa, hukumomin nan sun sha fitowa suna cewa ɗaukar aikinsu kyauta ne. Wanda ya ce ka kawo dubu 300 yana da hanya a Abuja, hanyar aljihunka kawai ya sani.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ta ba da aron asusu. Sunaye shidan nan da na gani a wayar yaron, ina kyautata zaton wasunsu matasa ne irinsa da aka ce wa an ɗauke su aikin karɓar kuɗi: a turo cikin asusunka, ka cire ɗan kasonka, ka wuce da saura. Wasu ma dubu biyar ake ba su su buɗe asusu da BVN da NIN ɗinsu, su miƙa layin waya da lambar sirri. Ranar da bincike ya tashi, uban gayyar yana wata ƙasa, sunanka ne a rubuce. A watan Disamba na 2024 EFCC ta kai samame wani bene a Victoria Island a Legas, ta kama mutum 792, cikinsu 'yan Sin 148 da 'yan Filifin 40, mafi yawan sauran kuwa 'yan Najeriya ne da aka ɗauka aiki, aka ba su kwamfuta da waya suna yaudarar mutane. Ka fita neman halak ka ƙare da ankwa a hannu.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, aikin intanet daga gida gaskiya ne. Na san masu fassara tsakanin Turanci da Hausa, masu mayar da magana rubutu, masu zanen talla, a nan Zariya suna ci da iyalinsu da shi. Amma duk wanda na sani sai da ya yi watanni yana nema kafin ya samu aikin farko, ga rashin wuta ga tsadar data. Buɗe asusu a Upwork da Fiverr, shafukan da ke haɗa masu ba da aiki da masu yi, kyauta ne. Fiverr na cire kashi 20 cikin ɗari daga abin da aka biya ka, bayan ka yi aikin. Upwork na sayar da wasu 'yan maki da ake neman aiki da su, amma a cikin shafin kake saye, ba wani ne zai turo maka lambar asusunsa ba. Shafin ne ke riƙe kuɗin mai ba da aikin har ka gama, shi ya sa ɗan damfara abu na farko da zai ce maka shi ne ku koma Telegram. Mai son koyon sana'ar kuma, shirin 3MTT na koya wa matasa ayyukan kwamfuta da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 ba a biyan kuɗin rajistarsa, a tabbata dai adireshin shafin gwamnati ne na ainihi. Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da 'yan damfarar suke turowa kada ta ruɗe ku. Iyakarta ta nuna an yi wa suna rajista, kuma sau da yawa ta wani kamfani ce suka ɗauko hotonta.

Wanda ya riga ya faɗa, ya tsaya a inda yake, kada ya ƙara ko naira ɗaya. A ranar ya je bankinsa ya rubuta ƙorafi, ya karɓi lambar shaida, domin da sauri ne kawai ake iya tsayar da kuɗi a asusun da suka shiga. In banki ya yi mako biyu bai yi komai ba, akwai sashen kare masu hulɗa da bankuna a CBN. Ya ajiye hotunan hirar da rasit ɗin kowace turawa kafin su goge zauren, ya kai wa 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke Kaduna. Kuma ya shirya, za a kira shi a ce ana iya dawo masa da kuɗinsa in ya biya wani abu. Kwana huɗu bayan namu aka kira yaron da wannan zance. Su ne dai.

Iyaye, ku nake roƙo da babbar murya. Yaran nan ba kwaɗayi kaɗai ke kai su ba. Gorin "har yanzu kana zaune" a kan kwanon tuwo yana tura yaro inda bai kamata ba, kuma tsoron faɗa ne ke sa ya ɓoye asarar dubu 50 har ta zama dubu 400. Da muka je gida muka gaya wa Yaya, na ɗauka za ta yi kuka a kan injin markaɗenta. Shiru ta yi, sannan ta dube shi ta ce, "Da ka faɗa mini tun a na farko." Shi ne ya fashe da kuka.

Mun kai ƙorafi banki a washegari, an ce uku daga cikin asusun shidan an riga an kwashe su, sauran ana bincike. Yanzu yaron yana zuwa shagona da safe, yana amfani da kwamfuta ta biyu yana koyon fassara da tsara takardu, ina ba shi wani abu daga aikin da ya buga, yana mayar wa mahaifiyarsa dubu goma duk wata. Lambar da ta fara yi masa magana har jiya tana aiki, ta dai sauya hoto da sunan kamfani. A makon nan kaɗai mutum biyu na hana tura irin wannan kuɗi a kan teburina, ɗaya daga Gyallesu, ɗaya matar aure daga cikin birni da ta zo da 'yan kunnenta a ƙulle a bakin mayafi. Abokan sana'ata masu POS daga PZ har Kwangila, don Allah in kun ga yaro na turawa yana kallon Telegram, ku tambaye shi kuɗin mene ne kafin ku danna.