Takalmin tayan da na saya a Katsina, bayan wata uku

Jama'a tun shekarun baya nake kallon bidiyon masu gudu da takalmin taya a hanyar kekuna ta bakin teku da ke Los Anjeles a Amurka, wadda ta ratsa Santa Monika da Venice, mil 22 ce wajen kilomita 35 kenan, siminti sumul ba mota ba acaɓa, teku na gefenka kana ta zurara abinka. Wallahi abin ya daɗe yana cin raina. To wata uku da suka wuce na ishe wani shagon kayan wasanni na gwanjo can wajen Ƙofar Ƙaura, na ga irin mai taya huɗu a jere ɗin nan da ake ce ma Rollerblade, duk da dai wannan sunan kamfani ne guda da aka kafa a Amurka, nawa na wani kamfanin ne daban.

Mai shagon dattijo ne kuma na yaba mashi sosai. Bai bari na biya ba sai da ya sa na sanya da safa mai kauri na miƙe tsaye, ya duƙa ya matsa wajen idon sawu ya ce "samari in nan na rawa kar ka ɗauka, targaɗe za ka yi." Na canza har sau uku bai gaji ba. Na ce Baba hular kwano fa, ya ce babu a hannunshi amma kar in kuskura in hau titi ba ita, ya haɗa mani da abin kariya na gwiwa da na wuyan hannu da ɗan alanki na kwance taya. Ragi dai bai yi mani wani na kirki ba gaskiya.

Shi takalmin kanshi ba laifi, tayoyin milimita 80 ne kuma an rubuta 82A a jiki, wannan lambar taurin robar ce, in ta hau taya ta fi tauri ta fi daɗewa amma za ka riƙa jin kowace tsakuwa har cikin haƙoranka. Birki na dunduniyar ƙafar dama, sai ka turo ƙafar gaba ka ɗaga yatsu ka danne, kwana biyar na yi kafin ya zauna mani.

Inda matsalar take shi ne yashi. Su can hanyarsu ma tana bakin rairayi amma mu nan ƙasar ce ke kwance a gefen kwalta ko'ina, ga ƙurar hunturu, sati biyu kacal na fara jin ƙarar ƙiiii a tayar gaba, na juya ta da hannu ta tsaya cak ko zagaye biyu ba ta yi ba. Na koma shagon raina a ɓace ina zaton ɓatacce aka sayar mani, Baba ya kwance tayar a gabana ya ciro boris ɗin, guda biyu ne a kowace taya wato 16 duka, ya jiƙa a kananzir cikin gwangwanin madara sai ga jar ƙasa ta kwanta a ƙasan gwangwanin kamar laka. Ya shanya ya ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu, ya ce giris na jan ƙura kar in cika shi. Ko sisi bai karɓa ba. Yanzu duk Juma'a da yamma nake wanke su, ina kuma juya tayoyin don gefen ciki ya fi saurin cinyewa.

Wajen hawa kuma bayan sallar asuba nake fita layukan GRA kafin 'yan Keke Napep su fito, don sau ɗaya na gwada babban titi da rana tsakuwa ƙarama ta tare taya na faɗi da hannu, na wuyan hannun nan ne ya cece ni, robar ta goge har ta yi fari. Duk mai niyyar saye ya fara tambayar na wuyan hannu da hular kwano kafin ma ya taya takalmin, kuma ya taho da safarshi.