Wasiƙa zuwa Aboabo ta Kumasi kan karan sha'ir da tafkin kifinmu

Assalamu alaikum Yaya Alhaji. Ina fata kana lafiya, da su Hajiya da yara, da dukan 'yan ƙungiya.

Hoton tafkin da ka turo ya tayar min da hankali. Ruwan ya yi kore shar kamar an juye bokitin fenti, iska ta tara kumfa a lungu guda. Ka ce in sa karan sha'ir cikin kayan da zan aiko ta jirgin ruwa zuwa Tema, tunda ka ji Turawa da shi suke magani. Ka yi haƙuri Yaya, ba zan aiko ba, amma bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Unguwarmu nan Manchesta akwai tafki a filin shaƙatawa, kuma ina cikin masu kula da shi ranar Asabar. Wannan koren da muke haɗawa duka mu kira gansakuka, wani cikinsa bakteriya ce, kuma wasu irinta suna sakin dafi mai taɓa hanta. Tafasa ruwan ba ya kashe dafin. A nan idan abin ya taso, ana kiran hukumar muhalli ta ɗebi ruwan a kwalba ta auna, ƙaramar hukuma ta kafa allon gargaɗi, don karnuka kan mutu in sun sha. Wannan hidima ita ce abin da suka fi mu, ba karan ba. A gida sai kifi ya fara juya ciki sama kafin a nemi mai sani, alhali muna da jami'an hukumar kamun kifi a Kumasi, ga Cibiyar Binciken Ruwa ta CSIR, majalisar binciken kimiyya ta Gana, a Accra. Masana sun taɓa samun irin wannan bakteriya a madatsun Owabi da Barekese da muke sha, don haka ba baƙon abu ba ne gare su. Ku je ku same su.

Batun kaya kuwa, a shagon kayan lambu ana sayar da karan a ɗan ƙulli, an yi masa leda mai hoto, har da ruwansa a kwalba. Kuɗin ƙullin nan ya kusa kuɗin dami guda cur a wajen manomi. Mu gona muke zuwa.

Ranar da na fara aikin, wata dattijuwa ta ga na cusa karan dam cikin raga, sai ta karɓa ta warware shi da hannunta, ta ce a bar shi sakwa-sakwa ruwa da iska su ratsa. Muka ɗaura jarkokin roba don ya tsaya a sama, muka ɗaure shi da igiya daidai inda ruwa ke shigowa. Sirrin a ruɓewa yake. Yayin da karan ke ruɓa cikin ruwa mai iska, yana sakin wasu sinadarai da ke hana sabuwar gansakuka yaɗuwa. Wadda ta riga ta rufe ruwa ba ya kashe ta, shi ya sa ake sawa tun kafin ta taso. A sanyin nan yakan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ya fara aiki, a ruwa mai ɗumi kuwa mako 1 ko 2, kuma yakan yi wata 4 zuwa 6 kafin a sake. Ba ko'ina yake ci ba, akwai tafkunan da aka gwada ba a ga canji ba.

Awon shi ne giram 10 zuwa 25 a kowace murabba'in mita. Tafkin kifinmu na gida mai mita 20 da 10, kilo 5 ya ishe shi. Don Allah kada wani ya ce a ƙara don ya yi sauri. Da zafin Kumasi, kara mai yawa zai shanye iskar ruwan, a wayi gari karfasa ta mutu.

Sha'ir ba ya yi a Gana, amma muna da karan shinkafa da manoma ke ƙonawa bayan girbi, kuma masu bincike a Asiya sun ga yana rage yaɗuwar wannan bakteriya. Ragar kuma ba sai an saya ba, buhunan albasar da ke zuwa daga Nijar sun fi wadda muke saya a nan ƙwari. Ku fara da kaɗan.

Abin da ya fi damuna ma a hoton yake. Na hango kwatar bayan gidaje tana gangarowa cikin tafkin, ruwan wanki da kashin kaji, ga ragowar abincin kifi da yara ke watsawa ba awo. Wannan ne takin da koren ke ci. A karkatar da kwatar, a rage abincin, a kwashe kumfar da ke sama, a sauya wani sashe na ruwan. Kafin nan kada yara su shiga, kada a shayar da tumaki.

Kuɗin da na ware na karan zan turo ta waya ranar Juma'a, a sayi siminti da bulo na kwatar. Ka turo min hoto idan an fara. A gaishe min da Malam Liman.

Ƙaninka.