Na je ganin zanen da iska ke gyarawa a hamadar Masar

Shekara biyu ina karatu a Alƙahira, ban taɓa jin labarin wurin nan ba sai da wani abokin zamana ya nuna min shi a Google Earth. Daga sama kamar gammo biyu aka sarƙe cikin juna, ɗigo-ɗigo a kan rairayi. Sunansa Desert Breath, wato numfashin hamada. Da aka yi hutu muka shiga motar Hurgada, tafiyar kusan awa 6, daga can muka ɗauki shatar ƙaramar mota zuwa wajen El Gouna, gefen Bahar Maliya.

Direban ya rantse mana ya san wurin. Bai sani ba. Mun yi ta bulayi har rana ta take, ƙarshe da taswirar wayata muka isa, shi kuma ya nemi ƙarin kuɗin mai.

Ganin farko gwiwata ta yi sanyi. Abin da ke tsaf a hoto, a ƙasa tarin yashi ne da ramuka. Mata uku 'yan ƙasar Girka ne suka yi shi, Danae Stratou da Alexandra Stratou da Stella Constantinides, suka kammala a 1997. Tudu 89 masu tsini irin na dalar gyaɗa, rami 89 masu siffar mazurari, kuma yashin da aka haƙo daga ramukan da shi aka tara tudun, kimanin kubik mita 8,000, a fili mai faɗin murabba'in mita 100,000. A tsakiya an yi tafki mai faɗin mita 30, amma ruwan ya ƙafe tuntuni.

Sai da na tsuguna a bakin wani rami na fara gane abin. Kamar gidan kurkuɗu da muke tonawa muna yara, sai dai wannan zai haɗiye mutum. Iska na busowa, yashi na gangarawa ciki siriri-siriri, ba ya tsayawa. A jikin tudun da ke kusa kuwa ta zana layuka kamar kunyoyin gona, ta aske tsinin ta kwantar da shi gefe guda. Na sa yatsa na ja layi; kafin in gama shan ruwa ta shafe rabinsa. Ashe da gangan masu aikin suka bar shi haka, don hamada ta riƙa cinye shi a hankali, ya zama ma'aunin wucewar lokaci. Su sun yi farkon zanen, iska ce ke riƙe da alƙalamin tun daga nan.

Da la'asar sakaliya kowane tudu ya jefa inuwa, gammon ya fito fili. Ka bi shi daga waje zuwa ciki, za ka ga tudun suna ƙanƙancewa, kai kuma kana jin kamar ƙara tsawo kake. Nan kuɗina ya fita.

Wanda zai je, kada ya kuskura tsakar rana irin tamu. Ba mu tarar da rumfa ko mai sayar da ruwa ba, balle allon bayani. Ya tafi da ruwansa da rawani, ya kuma ajiye taswirar a waya tun daga masauki. Abokina dai har muka dawo Alƙahira yana cewa kuɗin mota muka ɓata a kan tulin ƙasa.