Man shafawa na mupirocin: yana aiki, amma a inda aka yi shi domin shi

Mupirocin mai kashi 2 cikin ɗari shi ne man da na fi amincewa da shi a kan ƙurajen nan na yara masu fashewa su yi ɓawo launin zuma a gefen hanci da baki da ƙafafu. Na yi amfani da na asali, Bactroban, da kuma Supirocin da ake kawowa daga Indiya, ban ga bambancin da zai sa in ce sai lallai mai tsadar ba. Abin dubawa shi ne lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki.

Ƙwayoyin cuta biyu ne ke kawo waɗannan ƙuraje: Staphylococcus aureus (staf) da Streptococcus pyogenes (sitiref), wani lokaci su haɗu a miki guda. Mupirocin yana kashe duka biyun, ta hanyar hana su ƙera sinadarin gina jikinsu. Daga wata ƙwayar halitta mai suna Pseudomonas fluorescens aka samo shi, kamfanin Beecham na Ingila ya fitar da shi kasuwa a 1985. Ba a shan sa, ba a allurar sa, kuma hanyar aikinsa daban take da ta dangin fenisilin, shi ya sa yakan ci ƙarfin staf ɗin da ya gagari su.

Yadda aka shafa shi ne ke yanke hukunci. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗora a kan ɓawon kamar minti goma har ya yi laushi, a share a hankali. In aka shafa man a kan busasshen ɓawo, ɓawon aka yi wa magani, ƙwayar cutar tana ƙasa tana harkarta. Sai a busar, a laƙato ɗan kaɗan da auduga, a shafa siriri sau uku a rana, kwana biyar. Kada bakin bututun ya taɓa mikin. A rufe da bandeji mara kauri in wurin da yaro ke susa ne ko ƙuda ke bi, a yanke masa farce, a raba masa tawul da soson wanka. A kwana na biyu ko na uku ruwan yakan tsaya, jan gefen ya dushe, sabon ƙurji ya daina fitowa. In kwana biyar ya cika babu wannan sauyin, a daina matsa bututu, a je asibiti. Ƙetare kwana goma ba shi da amfani.

Aibinsa na farko tsada, ga ƙaramin bututu: mai giram 5 yana isar ƙuraje uku zuwa biyar, ba ya isar yaron da suka feso masa ƙafa biyu. Na biyu, takardarsa ta ce a ajiye shi ƙasa da digiri 25, abin da ɗaki a watan Afrilu bai sani ba. Yakan narke ya zama ruwa-ruwa, kana buɗe murfi ya tsiyayo, don haka a nema masa wuri mafi sanyi a gida, ban da wajen ƙanƙara. Wasu yaran kan ji ɗan raɗaɗi na 'yan mintuna bayan shafawa. Wannan ba komai, amma in wurin ya ƙara ja da ƙaiƙayi da kumburi, a wanke a bari.

Inda mutane suka fi asarar kuɗinsu shi ne maruru. Maruru staf ne, gaskiya, amma mugunyar tana can ciki a ƙunshe, man ba ya kai mata. Maganinsa gashi da tsumma mai ɗumi sau uku ko huɗu a rana har ya nuna ya fashe, in kuma babba ne ma'aikacin lafiya ya tsaga ya fitar. Wanda ya fito tsakanin hanci da leɓen sama kada a matse shi ko kusa, jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa cikin kai. Haka nan idan fata ta yi ja, ta yi zafi, kumburin yana yaɗuwa, ga zazzaɓi ko kaluluwa, an wuce batun shafawa. Nan sai na sha irin su fulkuloksasilin ko sefaleksin, bisa rubutun likita. Amoksisilin shi kaɗai ba ya kama yawancin staf, domin suna fitar da sinadarin da ke farfasa shi. Kafson Ampiclox da ake buɗewa a barbaɗa garin a miki kuwa, an yi shi ne don sha, kuma rabinsa kaɗai, miligiram 250, shi ne kuloksasilin mai yaƙar staf.

Wani abin da yakan sa a zargi man ba gaira ba dalili: ƙazwa. Yaro na susa dare da rana, farce na buɗe fata, ƙwayar cuta na shiga. Mupirocin zai busar da mikin, bayan mako biyu ya dawo, saboda tushen yana nan. In ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, ga ƙuraje tsakanin yatsu da wuyan hannu, ga wasu a gidan ko a makarantar suna susa, sai an yi wa kowa maganin ƙazwa lokaci guda. A kan makero mupirocin ba ya yin komai. Man nan mai haɗin uku da kemis ke miƙowa da an ce ƙurji, yana ɗauke da sitiyarod wanda ke kwantar da jan ya rufe ido, cutar na ci gaba a ƙasa.

Ba a sa mupirocin a ido. Ba a sa wannan nau'in a cikin hanci, akwai na hanci daban, wanda likita kan rubuta wa mai maruru da ke yawan dawowa, tunda kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da staf a hancinsa lafiya ƙalau. Wannan ma ya isa amsa ga masu tallan maganin "staf" a lasifika. Ba a malala shi a babbar ƙuna ko faffaɗan gyambo, musamman ga mai ciwon ƙoda, domin man da aka kwaɓa shi da shi yana shiga jini ta buɗaɗɗiyar fata.

Kada ya zama man kowane ƙwarzane. A ƙasar New Zealand an sake shi ana saya ba takardar likita daga 1991, staf mai bijire masa ya yi yawa, dole a 2000 aka mayar da shi sai da takarda.

Ko ƙurajen sun warke sarai, iyaye su sa ido har mako shida. Idan fuskar yaro ta kumbura da safe, fitsarinsa ya ragu ko ya koma kalar shayi, wannan kumburin ƙoda ne da kan biyo bayan sitiref na fata, kuma mupirocin ba ya hana shi. A kai shi asibiti ranar, a auna jininsa da fitsarinsa.