Garejin da ya goge tsohon tarihin motar Kawu

Kawuna, wanda ya daɗe yana sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Abossey Okai da ke Accra, babban birnin Gana, ya sayi motar lantarki Tesla Model 3 da aka yi gwanjonta a Amurka bayan ta yi hatsari, aka sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Tema. Mutanen unguwar Nima suna kiranta mota mai tuƙa kanta, ko da yake sunan ya fi ƙarfinta, domin Autopilot taimakon direba ne kawai, kuma dole hankalinsa ya kasance a kan hanya. Waɗanda ke tafiya babu kowa a sitiyari, irin tasi-tasin Waymo na Phoenix da San Francisco, ba a sayar da su ga ɗaiɗaikun mutane. Amma wajen tara bayanai ba a bar ta a baya ba, tunda kyamara takwas ne kewaye da jikinta, ga ta tara a ciki, saman madubi.

Ranar da muka fara kunna ta, kujerar direba ta matso gaba da kanta har gwiwoyin Kawu suka tokare, saboda ta tuna tsayin wadda ta saba zama a kanta. A kan allon kuma ga sunan matar, ga adireshin gidanta da na wurin aikinta, ga jerin wuraren da ta je kwanakin ƙarshe kafin hatsarin. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mini, "Ɗana, wannan baiwar Allah ta san cewa gidanta yana yawo a Nima kuwa?"

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya ɓangaren. Takardar DVLA, hukumar rajistar motoci ta Gana, tana tabbatar da cewa ƙarfen naka ne, amma motar tana ɗaure da asusun mai ita a manhajar kamfanin, kuma muddin ba a sauya ba, da zarar ta hau intanet tsohon mai ita yana iya ganin inda take, ya buɗe ƙofa, ya danna oda daga wayarsa. A 2023 wani editan tashar labarai ta CNBC a Amurka ya ga motarsa da aka sallama bayan ta lalace a hatsari ta farfaɗo a manhajarsa tana ƙasar Yukren, ana jin waƙoƙi da asusunsa na Spotify. Wannan ne ya kai mu wani gareji da ke wajen Spintex, wanda ya yi suna wajen gyaran motocin lantarki. Ba zan ambaci sunansa ba.

Maigidan garejin ya san aikinsa, wannan kam babu tantama. Ya bayyana mana cewa ba a fara gogewa sai an sauya mallaka, domin motar tana neman kalmar sirrin asusun mai ita kafin ta yarda a mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta. Ya haɗa takardar gwanjo da ta kwastan da lambar shasi, ya tura ta manhaja, bayan 'yan kwanaki aka amince. Daga nan ya goge komai a gabanmu, ya cire tsoffin makullan da ke rajista a motar, na kati da na waya, ya sa wa Kawu sababbi. Kuɗin aikin bai kai na sababbin tayoyi biyu ba, kuma bai ƙara ko sidi ɗaya a kan abin da muka yi ciniki ba.

Sai dai da ban tsaya a kansa ba, da an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Lokacin buɗe sabon asusun, na lura yaron da ke riƙe da wayar yana rubuta adireshin imel na garejin. Na ce, "Malam, wannan fa na wane ne?" Maigidan ya amsa cewa haka suke yi wa yawancin alhazai, saboda suna manta kalmar sirri su dawo suna damunsu. Ban ga mugun nufi a fuskarsa ba, amma ma'anar ita ce duk motar da suka yi wa haka, garejin yana iya sanin inda ta kwana da inda ta yini, kuma ranar da mai ita zai sayar, sai ya nemi yardarsu. Na dage aka yi da imel ɗin Kawu, ya yarda, amma yana ɗan ɓata rai.

Matsala ta biyu ta fi ba ni kunya. A aljihun gaban motar akwai filash inda kyamarorin ke adana bidiyo, kuma gogewar ba ta taɓa shi. Kafin mu ankara, yaran garejin sun taru a kan kwamfuta suna kallon wata yarinya tana koyon keke a ƙofar gida, ana dariya. Ko ma'aikatan kamfanin Tesla, a rahoton da Reuters ta fitar a 2023, sun riƙa tura wa junansu hotunan da motocin mutane suka ɗauka tsakanin 2019 da 2022, saboda haka ba halin yaran Accra kaɗai ba ne, amma wannan bai wanke garejin ba. Kawu ne ya tsawatar, ya sa aka goge filash ɗin nan take.

Na tambayi maigidan ko sun yi rajista da Hukumar Kare Bayanai, kamar yadda doka mai lamba 843 ta 2012 ta wajabta wa masu sarrafa bayanan mutane a Gana. Ya yi murmushi ya ce shi bakanike ne, ba banki ba. Rasidin da ya ba mu ma bai nuna abin da aka goge ba, "gyaran kwamfuta" kawai aka rubuta.

Zan iya tura mutum wurinsu, da sharaɗin ya je da kansa, da nasa imel, kuma kada ya bar motar ya tafi sallah sai ya cire filash ɗin. Ni kaina sai da na sake komawa Spintex bayan mako guda, domin na tuna hoton katin ɗan ƙasa na Kawu yana nan a WhatsApp ɗin yaron da ya tura takardun, kuma da na nema sai da muka daɗe muna lalube a cikin katunan wasu mutane kafin mu kai ga nasa.